Bakandamiyar Shata: Wacce Za Ka Zaɓa Cikin Waɗanda Ake Tura Mana A Kasuwa?

Wata ranar kasuwar Gazawa, bayan azahar, na ratsa ta layin masu atamfa zan je tasha in hau motar Maraɗi, sai na ji an ƙwala mini kira da sunan shirin da nake gabatarwa a rediyo. Da na waiga sai na ga wata Hajiya ce, dattijuwa, mai rumfar atamfa da shadda, wadda da wuya mako ya wuce ba ta aiko da gaisuwa a shirin ba. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ta miƙo mini wayarta.

"Ɗana, kai ne mai sa mana waƙoƙin da. Saurari wannan ka gaya mini, Shata ne ko aljani?"

Na kara wayar a kunne. Bakandamiya ce, ba shakka, amma muryar ta tsuke ta yi siriri kamar ta yaron da bai balaga ba, kalangu na gudu kamar ana korar makaɗan, kuma ba a yi minti shida ba waƙar ta yanke a tsakiyar magana. Hajiya ta ce dala ɗari ta ba wani yaro mai tura waƙa ya cika mata memori da waƙoƙin Shata, kuma don wannan waƙar kaɗai ta biya. Ta ce: "Wadda marigayi Alhaji ke sakawa, sai in ɗora shayi in sauke, in sallami mai saye biyu, ba ta ƙare ba. Wannan kuwa ko zama ban gyara ba."

Na ce mata, "Hajiya, Shata ne, amma an wahalar da shi a hanya."

Tun daga ranar maganar ke cina, domin ba ita kaɗai ba ce. Masu kiran waya daga Agye, da Tasawa, da Gidan Runji, sau da yawa in na sa Bakandamiya a shiri sai wani ya bugo ya ce ba ita ba ce, wai ta gaskiyar ita ce wadda ke wurinsa. Wani ma har rantsuwa yake yi. Shi ya sa na ga ya dace mu zauna a wannan shafi mu warware zancen, don mai fitar da kuɗinsa ya san abin da yake saye.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, Bakandamiya ba guda ɗaya ba ce. Alhaji Mamman Shata, wanda galibin marubuta tarihinsa suka ce an haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923, ya rasu ranar 18 ga watan Yuni na 1999 aka rufe shi a Daura, ya shafe fiye da shekara hamsin yana waƙa, kuma ba ya rubutawa, ba ya zama ya yi bita kamar mawaƙan zamani. Amshi ne ke tsaye wuri guda. Sauran kuwa a nan take yake ɗinka shi, gwargwadon wurin da yake, da mutanen da ke gabansa, da abin da ke ransa a wannan dare. Bakandamiya ita ce waƙar da yake wasa kansa da ita, ya yi kirari, ya yi wa abokan hamayya habaici, ya zagaya garuruwan da ya taka. To mutumin da kowace shekara yana ƙara taka sababbin garuruwa, yana ƙara samun sababbin magabta, ta yaya waƙar da ya yi yana saurayi za ta zama daidai da wadda ya yi da furfura? Saboda haka mai kira daga Agye da mai kira daga Tasawa duk suna iya zama masu gaskiya. Kowa da tasa.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa fahimtar wannan, don shi kansa Shata kafin waƙa ta ɗauke shi tallan goro da alewa ya yi. Goro sunansa goro, amma wanda ya san hannu ba ya sayen huhu sai ya buɗe ya duba.

Bari in ɗan kai mu nesa mu dawo. Turawa ma suna da irin wannan gardama, har ta fi tamu zafi. Akwai wani Bajamushe mai tsara kiɗa da ake kira Betoben, wanda ya rasu a 1827. Cikin manyan kaɗe-kaɗensa guda tara da suke kira simfoni, na biyar ne kusan kowa ya taɓa jin farkonsa ko da bai san sunansa ba, don har a ƙarar waya ana sa shi. An fara kaɗa shi a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a watan Disamba na 1808, makaɗa masu yawa a lokaci guda, da goge iri-iri da abin busa da ganguna, kuma yakan ɗauki wajen rabin awa. A lokacin babu na'urar ɗaukar murya, don sai a 1877 aka ƙirƙiro ta a Amurka. Abin da Betoben ya bari takarda ce, wadda ya rubuta wa kowane makaɗi abin da zai kaɗa. Tun daga 1913, da makaɗan birnin Balin suka ɗauke shi a faifan garmaho, ƙungiyoyi ke ta sake ɗauka, har ba a iya ƙirgawa cikin sauƙi. Wani jagoran makaɗa mai suna Herbert von Karajan shi kaɗai sau huɗu ya ɗauki duka taran a sutudiyo. Da yawa daga masu sauraro sun fi yabon wanda Carlos Kleiber ya jagoranta da makaɗan Biyana a 1974, wasu kuma su ce a'a, ya cika zafi, tsofaffin ɗauka sun fi nauyi duk da ƙarar da ke cikinsu. Har littattafai suke bugawa don nuna wa mai saye wanda zai zaɓa.

Amma ga inda muka rabu da su. In duk faya-fayan Betoben suka ƙone yau, gobe makaɗa za su buɗe takarda su sake kaɗawa. Mu kuwa takardarmu ita ce kaset ɗin. Daren da Shata ya yi Bakandamiya a wani gari, in zaren da ya ɗauki wannan dare ya tsinke aka jefar, shi ke nan, babu mai dawo da shi. Ni da nake wannan rubutu ban taɓa ganin Shata da idona ba, ina yaro ƙarami ya rasu. Duk abin da na sani na muryarsa, abin da wani ya ɗauka ya adana ne.

To ta wace hanya muryar ta iso mana? Kusan hanya uku ce. Akwai faya-fayan garmaho da kamfanoni irin su EMI suka buga a Nijeriya. Akwai abin da gidajen rediyo da talabijin suka ɗauka, musamman Rediyon Kaduna, wanda iyayenmu a nan ƙasar Maraɗi suka tashi da shi a kunne kamar a bayan gida yake. Sannan akwai ɗaukar fili, wato wurin biki ko naɗin sarauta ko wasan dare, inda wani mai rediyo mai kaset ya ajiye ta gaban makaɗa ya danna. Kowace hanya da daɗinta da kuma cikas ɗinta.

Ɗaukar faifai ita ta fi tsabta. Murya na fita tar, ana jin kowace kalma, babu hayaniya. Cikas ɗinta shi ne lokaci. Tsohon faifan garmaho, mai juyi 78 a minti, kowane gefe minti uku ne da 'yan kai. Babban faifai na baya, mai juyi 33, yakan ɗauki wajen minti ashirin a gefe. Mawaƙin da ya saba kwana yana waƙa, aka ce masa ga iyakarka, dole ya taƙaita. Sau da yawa in ka saurari irin wannan za ka ji kamar mutum ne ya sa babbar riga ya je gaban hukuma: komai tsaf, amma bai saki jiki ba. Ga mai son koyon kalmomin waƙar, ko mai son ya sa a rumfa ba tare da hayaniya ta dami masu saye ba, ita ce ta dace.

Ɗaukar rediyo da talabijin tana tsakiya. Na'ura mai kyau ce, ma'aikata sun san inda za su ajiye makirufo, kuma galibi an ba shi fili fiye da na faifai. Matsalar ita ce yawancin abin da ke yawo a hannun mutane ba daga ma'ajiyar gidan rediyon ya fito ba. Wani ne ya ɗauka daga akwatinsa lokacin da ake watsawa a gajeren zango. Shi ya sa za ka ji murya na tafiya tana dawowa kamar iska na kaɗa ta, wani lokaci har da kukan wata tasha a ƙarƙashi, ko muryar mai gabatarwa ta faɗo a kan waƙar. Mu masu gabatarwa muna da wannan laifi har gobe, na yarda, ba ma iya barin waƙa ta ƙare ba mu tsoma baki da gaisuwa ba.

Ni dai, in aka ce in zaɓa, ɗaukar fili nake zaɓa, in dai an dace da mai kyau. A nan ne Shata yake Shata. Za ka ji ya hango wani ya shigo ya juya waƙar kansa, ka ji maroƙi ya ratsa da kirari yana sanar da kyauta, ka ji mata sun rangaɗa guɗa, ka ji wurin da ya jefa habaici jama'a suka kwashe da dariya shi kuwa ko a jikinsa. Bakandamiya waƙar fage ce, waƙar mutumin da ke cewa ga ni, wa zai ja? Irin wannan magana tana buƙatar taro. In babu taro, kamar ɗan kokawa ne ke kirari a ɗaki shi kaɗai. Sai dai cikin ɗaukar fili goma, da wuya ka sami biyu da za ka iya saurara har ƙarshe. Wani ya ajiye rediyonsa jikin lasifika har murya ta fashe, wani ya ajiye kusa da makaɗa kalangu ya danne waƙar, wani kuma hirarsa da abokinsa ta fi waƙar fitowa. Akwai wadda na taɓa samu, ana tsakiyar waƙa sai ka ji mai rediyon yana cinikin tsire.

Sai batun shekaru. Muryar ƙuruciya tana da kaifi da gudu, tana hawa sama ba wahala. Muryar tsufa ta fi kauri, ta fi natsuwa, numfashi ya ragu amma magana ta ƙaru, don a lokacin ya ga duniya, kuma ba ya gaggawar faɗin abin da zai faɗa. Dattawa da yawa sun fi son ta farko saboda ita ce ta ƙuruciyarsu su ma. Ni na fi karkata ga ta tsakiya, lokacin da ƙarfi bai tafi ba kuma hikima ta riga ta zauna. Wannan ra'ayina ne, ba doka ba. Amma ka san wacce kake nema kafin ka je wurin mai turawa, don in ka ce masa "Bakandamiya" kawai, wadda ta fara zuwa hannunsa zai ba ka.

Yanzu mu zo kan abin da ya sami wayar Hajiya, don nan ne kuɗin mutane ke zubewa.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, yana da gudun da aka ƙayyade masa, santimita huɗu da ɗigo bakwai da 'yan kai a kowace daƙiƙa. In an kwafa da na'urar da pil ɗinta ya yi sanyi, to zaren na tafiya a hankali lokacin ɗauka. Ranar da aka sa shi a rediyo mai lafiya sai ya yi gudu, murya ta tsuke ta koma ta yara. In kuwa rediyon da ke juya na asalin ne ya gaji, sai murya ta yi nauyi tana ja kamar mai jin barci. A shekarun da kaset ke tashe, masu shagon kwafi a Kano da Katsina da Maraɗi suna kwafa daga kwafi, shi ma daga wani kwafin, wani lokaci da na'ura mai saurin kwafa don a sallami mutane da yawa. Kowane hawa sai an rasa wani abu: kaifin murya ya dushe, shuuu ɗin zare ya ƙaru. Abin da ya sauka a wayar Hajiya jikan jikan kwafi ne, wanda tun a wani hawa can baya pil ya ci amanarsa, aka zo aka juye shi a kwamfuta da aibinsa, ba wanda ya tsaya ya saurara.

Yadda za ka gane abu ne mai sauƙi, ba ya buƙatar ilimin lakwal. Kada ka saurari Shata da farko, saurari sauran mutanen da ke wurin. In maroƙi ya yi magana, ko wani ya yi tari, ko 'yan amshi suka karɓa, tambayi kanka: haka muryar manyan maza take? In duk mutanen wurin sun koma kamar yara, ko duk sun koma kamar masu mura, to gudun ya ɓaci. Sannan saurari kalangu. Kalangu ganga ce mai magana. Makaɗi na matse tsarkiyarta a hammata ya saki, sautin ya hau ya sauka kamar harshen mutum. A ɗauka mai kyau za ka ji wannan hawa da saukar, ka kuma rarrabe manyan kalangai da 'yar ƙaramar gangar da ke riƙe musu lokaci. In duk sun dunƙule sun zama bugu ɗaya kamar ana dukan kwali, an riga an kashe rabin waƙar, ko da kalmomin na fita.

Na biyu, duba kai da wutsiya. Ɗauka cikakkiya takan fara da kiɗa, makaɗa su daidaita hannu, amshi ya zauna, sannan uban waƙa ya shigo. Ƙarshe ma yana da alama, za ka ji an sauke kiɗan da niyya. Wadda ta fara a tsakiyar kalma ko ta yanke kamar an ɗauke kuran, guntuwa ce. Kaset mai lamba 60 minti talatin ne a gefe, mai lamba 90 minti arba'in da biyar. In zare ya ƙare ana tsakiyar waƙa, kafin mai rediyo ya juya kaset an yi asarar baiti ɗaya ko biyu. Wannan ba laifin kowa ba ne, kuma ana iya haƙuri da shi. Abin da ba a haƙuri da shi shi ne ɗinki: wani ya ɗauko rabin waƙar wani dare ya manna da rabin ta wani dare don ta yi tsawo. Za ka gane in ka ji gudun kiɗa ya sauya farat ɗaya, ko hayaniyar taro ta ɓace, ko muryar ta tsufa cikin daƙiƙa guda.

Na uku ya shafi waya. Mutane da yawa sun ɗauka duk lokacin da aka tura waƙa daga waya zuwa waya tana raguwa kamar kaset. Ba haka ba ne. In an tura ta yadda take, ta Bluetooth ko Xender ko a kwafa daga memori zuwa memori, ko sau dubu aka yi ba abin da ke raguwa. Inda ɓarnar take shi ne in wani ya kunna waƙar a lasifika ya ɗauka da wata wayar kamar saƙon murya na WhatsApp, ko aka ciro ta daga guntun bidiyon TikTok, ko aka matse ta da gangan don waƙa ɗari biyar su shiga ƙaramin memori. Ga ma'auni da kowa zai iya riƙewa: waƙar MP3 mai matsakaicin kyau tana cin wajen mega ɗaya a kowane minti. In mai turawa ya nuna maka waƙar minti ashirin, ka ce ya nuna maka nauyinta. In ka ga mega uku ko huɗu, an matse ta har ta fita hayyacinta. Amma kada nauyi kaɗai ya ruɗe ka, don ana iya zuba ruɓaɓɓen kaya a babban buhu. Kunne ne alƙali na ƙarshe.

Akwai kuma wata sabuwar ɓarna da ta fi ba ni haushi, domin masu yin ta gani suke gyara suke yi. Yaro ya sami kwamfuta, ya ga tsohuwar ɗauka na da shuuu, sai ya sa manhajar share ƙara ya murɗa ta har ƙarshe. Shuuu ɗin ya tafi, gaskiya ne, amma ya tafi da kaifin kalangu da numfashin mawaƙi, murya ta koma kamar daga cikin randa take fitowa. Wani ya ƙara mata amsa-kuwwa wai don ta yi zamani. Wani ma ya ɗora fiyano da gangar inji a kai. Ban hana matasa yin nasu salon ba, kowane zamani da kiɗansa, amma a rubuta a jiki cewa gauraye ne, kada a sayar wa dattijuwa da sunan na asali. Ƙaramar ƙara a tsohuwar ɗauka ba aibi ba ce. Bayan minti biyu kunne ya saba da ita ya daina jin ta.

Ga kuma masu kwaikwayo. Tun Shata na da rai akwai masu bin salonsa, wasu da kyakkyawar niyya, kuma ba laifi ba ne mutum ya yi waƙar magabata in ya faɗi sunansa. Laifin na mai turawa ne da ke tara kowa a jaka ɗaya ya rubuta "Shata". Yanzu abin ya ƙara rikicewa, tunda an sami manhajojin kwamfuta da ke iya kwaikwayon muryar mutum har su sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. A nan lissafi ne zai cece ka. Mutumin da ya rasu a 1999, in ka ji shi yana yabon wanda ya hau mulki bayan wannan shekara, ko yana ambaton abin da bai zo duniya ba sai daga baya, ka san ba shi ba ne, komai kamar muryar.

Duk abin da na faɗa bai tsaya kan Shata kaɗai ba. Mutanenmu na wajen Tsibirin Gobir da Gidan Runji, in ka ce Bakandamiya, da yawansu ta Ibrahim Narambaɗa za su fara tunawa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, wanda tasa Bakandamiyar ta riga ta zama abin karatu a jami'o'i. Shi nasa ya fi wuya, don ya riga Shata barin duniya da shekaru masu yawa, abin da aka ɗauka nasa kaɗan ne kuma tsoho ne ƙwarai. A nan ba ka da zaɓi mai yawa, wadda ka samu cikakkiya ka riƙe ta da hannu biyu ko da tana da ƙara. Haka Musa Ɗanƙwairo, da Mazo ɗan Alalo na Damagaram. Ku kuma iyayenmu mata masu son amada, waƙoƙin Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, sun fi saurin lalacewa a hannun masu matsewa, saboda sautin ƙwarya in aka matse shi sai ya koma kamar ana watsa tsakuwa a kwano.

To in ka je wurin mai turawa me za ka yi? Kada ka miƙa memori ka tafi cin kasuwa ka dawo ka karɓa. Tsaya. Ka ce ya sa maka farkon waƙar, ya tsallaka tsakiya, ya kai ka ƙarshe, kuma da abin sauraro na kunne ko a lasifikar da za ka riƙa amfani da ita, don babbar lasifikar shago tana rufe aibi da ƙarfin ƙara. Ka tambaye shi ko yana da wata ɗaukar ta wannan waƙa. Masu sana'ar da suka san abin da suke yi sukan ajiye biyu ko uku, kuma suna jin daɗin mai saye da ya san bambanci. Gara waƙa goma masu kyau da ɗari uku da ba za ka iya saurara ba. Memorin ma a kula, akwai na jabu da ke nuna girman da ba su da shi, sai an cika su waƙoƙin farko su fara ɓacewa. Yadda ba ki karɓar turmin atamfa sai kin warware kin duba gefe, Hajiya, haka nan ma.

Maganata ta fi nauyi ga waɗanda ke da tsofaffin kaset a gida. A Gazawa da Agye da ƙauyukan da ke kewaye akwai gidajen tsofaffin fatake da direbobi da suka yi shekaru suna zirga-zirga tsakanin nan da Katsina da Kano, kuma kusan kowannensu ya tara kaset a akwati ko a buhu. Wasu daga cikin waɗannan ɗaukar fili ce da mai gidan ya yi da hannunsa, wadda babu irinta a ko'ina, ko a gidan rediyo. In mai gida ya rasu, sai a bar wa yara su zare zaren suna wasa, ko a zubar ranar share ɗaki. Don Allah a daina. A ajiye su a inuwa, nesa da zafin rufin kwano, nesa da ƙurar hunturu da damshin damina, kuma kada a ɗora su kan lasifika, don maganaɗisun da ke cikinta yana cin abin da ke kan zare. A ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na saman kaset don kada wani ya ɗauki wani abu a kai bisa kuskure. In za a juye a kwamfuta, a nemi rediyo mai lafiya, a goge kanta da auduga da ɗan alkol, a haɗa da waya ta jona, ba a kara makirufo a lasifika ba. Bayan an juye kada a jefar da kaset ɗin. Kuma tun dattijon da ya ɗauka yana da rai a tambaye shi: wane gari ne, bikin wa, wace shekara? A rubuta a jikin kwalin. Masana irin su Ɗandatti Abdulƙadir, wanda ya yi digirinsa na dakta a kan Shata a Amurka a 1975, da marubutan littafin tarihinsa da ya fito a 2006, da irin waɗannan bayanai suke aiki, kuma ɗauka mai suna da shekara ta fi goma marasa asali daraja.

Na tambayi Hajiya ko kaset ɗin marigayi Alhaji na nan. Ta ce tun da ya rasu ba ta buɗe akwatinsa na ƙarfe ba, amma za ta sa a duba. Da kasuwa ta zagayo sai ga jikanta ya kawo mini leda har gidan rediyo, kaset goma sha ɗaya a ciki, wasu kwalinsu ya ci, ɗaya zarensa ya naɗe sai da na sa biro na juya shi a hankali. Na bakwai da na gwada ita ce. Ɗaukar fili ce, da 'yar shuuu a ƙasa, kalangu na magana sarai, kuma a wajen minti na goma sha biyu akwai wani da ke kusa da rediyon da ya yi gyaran murya ya ce a matsa masa.

Na juye mata a sabon memori na kai mata rumfa, na mayar mata da kaset ɗinta duka. Ta sa a waya, ta kara a kunne, tana auna wa wata mata yadi. Da aka zo wurin gyaran muryar nan sai ta ajiye almakashi.

"Ɗana, mayar da shi baya kaɗan," in ji ta. "Wannan Alhaji ne."